Ƙauyenmu a Bayan Kalanda

Aikina zana taswira ne a wata ma'aikata a nan Abuja. Wata shekara aka tura ni kwas ƙasar Suwizalan, aka sauke ni a wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin dutse. Mutanensa kaf ba su kai na layinmu a Kubwa ba. Amma fa suna da littafi sukutum a kan garinsu: wanda ya fara sare dajin, lokacin da aka gina coci, inda rafi ya raba gonakinsu da na maƙwabta, har yawan jama'arsu tun zamanin kakanni. Tsohuwar da ta ba ni masauki ta nuna mini shi shafi-shafi, sannan ta buɗe taswirar Najeriya ta ce in nuna mata garinmu. Na ɗora yatsa a kan Abuja, ko a jikina.

Da na dawo gida Kubwa, na ba Inna, mahaifiyata, labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Abuja ka nuna mata? A nan aka binne cibiyarka?"

"Inna, ai ƙauyenmu ba ya cikin taswira."

"To, kai me kake zanawa kullum a ofis?"

Kunya ta rufe ni. Na ciro tsohuwar kalanda daga bango, na juya bayanta. Tana faɗa ina zanawa: rijiyar da kakana ya haƙa, tsamiyar da kasuwa ke ci a ƙarƙashinta, kwarin da ke cika da damina ya hana mu zuwa makaranta, maƙabartar da Baba yake kwance. Har gyara ta yi mini, wai na kai rijiyar gabas alhali tana kudu da masallaci. Ni da digirina!

Sai muka zo kan yawan jama'a. Ta bi gida-gida tana lanƙwasa yatsu. Ta cire waɗanda suka rasu, ta cire waɗanda birni ya cinye. Kanta kuwa ta sa, duk da ta shekara tara a ɗakin da na ba ta. Da ta iso gidanmu sai ta tsaya, yatsa ɗaya a miƙe, ta dube ni.

"Kai fa? In sa da kai?"

Rabona da garin tun jana'izar Baba, 'ya'yana kuma ba su taɓa shan ruwan rijiyar nan ba. Na so in ce e, amma na ji nauyin yi mata ƙarya. Ta ɗan jira, sannan ta bar yatsan a miƙe, ta wuce gida na gaba.