Bakin Sanusi da Tattasan Gagamari

Har yau idan za ni ɗauki ɗan talla, ranar da na kai Sanusi ƙauyen Gagamari ce ke fara faɗo mini a rai.

A 2004 ne. Mun buɗe ɗan kamfanin sayar da injin ban ruwa a Diffa, ni ne shugaban sashen sayarwa, sashen da ba kowa cikinsa sai ni. Ruwan kogin Komadugu ya iso, manoma na dashen tattasai, injuna na jibge a magaze, ɗakin ajiyarmu. Patoro, wato mai kamfanin, ya hana ni sakat, ni ma na kasa zama wuri ɗaya.

Cikin masu neman aikin talla, Sanusi ɗan Damagaram ya fi kowa baki. Kai, mutumin nan ko takalminka ya yaba sai ka ji kamar yau ka saye shi! Muka ɗauke shi, ya kwaso iyalinsa ya taho.

Na goya shi a moto zuwa gonar Ba Modu a Gagamari, dattijon da in ya sayi abu duk ƙauyen ke saya. Muna sauka Sanusi ya ware hannu.

"Baba, wannan gona ai ba irinta a kogin nan! Bana kai ne sarki!"

Ba tubarkalla, ba masha Allah. Ba Modu ya ɓata rai, ya tofa addu'a, ya juya mana baya.

Ba a jima ba ganyen tattasansa ya kamu da ciwo, ya fara nannaɗewa. Ciwon ya kama gonaki da yawa, har waɗanda Sanusi bai taɓa gani ba, amma wa zai saurare ka? Labari ya kai har garin Toumour: kamfanin injin yana da mai kambun baka. Patoro ya ce, "Sallame shi, Malam Isa, kafin ya rufe mana shago."

Na roƙi arziki, na koma wurin dattijon ni kaɗai.

Ya ce, "Ɗana, na san ciwo na Allah ne. Amma zuciyata ba ta yarda ba. Kawo injin, shi dai kada ya tako."

Da wannan na ceci aikinsa. Muka mai da shi magaze yana goge injuna. Abin ya ci masa rai, ni ma ya ci mini, Sanusi ya daina ko wasa da mutane.

Ranar sunan ɗiyata ya zo barka. Na miƙa masa jaririyar. Ya dube ta, fuskarsa ta washe, ya buɗe baki, sai ya rufe. Ya mayar mini da ita da sauri, ya fita ko shayi bai sha ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Shi ya sa, ku yara, ba na gwada ɗan talla a buro, wato ofis. Gona nake kai shi, in tsaya a bayansa, in ji abin da zai fara fita daga bakinsa.