Bencunan Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana, Malam Sale kafinta, makwancinsa. A Makera ya yi sana'arsa, cikin wata rumfar kwano kusa da layin dogo. Ni kuma ina aiki a masaƙa, nakan biya ta wurinsa in na tashi.

Yaya ba ya sayen sabon katako sai dole. Akwatunan da ake kawo injuna a cikinsu, waɗanda ake jibgewa a bayan masaƙa, su yake roƙa ya warware ya goge. Tsohon ƙyaure, karyayyen gado, duk yana da abin da zai yi da su. Kuma ba ya buga ƙusa a ƙafar kujera. Sai ya huda katako, ya zura wani cikin wani, ya datse da ɗan turken itace. Na taɓa yi masa ƙorafin jinkiri, ya ce, "Ƙusa tsatsa take yi ta cinye katakon. Wannan kuwa in ƙafa ta karye, ita kaɗai za a zare a sa wata."

Da irin wannan katako ya yi wa unguwa dogayen bencuna, bai sayar wa kowa su ba. Mai suna, mai biki, mai rasuwa, kowa ya aiko a ɗauka. Yau suna ƙofar gidan Alhaji Garba ana ɗaurin aure, jibi suna gidan maƙwabcinmu Baba Yohanna, 'yan cocinsu sun zo taya shi murna. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya karya kada ya ɓoye, ya kawo a gyara. A kansu aka yi zaman makokinsa, kuma Mama Rifkatu, matar Baba Yohanna, ita ta riƙa dama wa masu ta'aziyya kunu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kafintocin yanzu siririn katako suke harhaɗawa, su lulluɓe da soso da yadi mai sheƙi. Damina biyu ta wuce, sai ka ga kujerar a bola. Masaƙa ta daina kawo injuna, sallamar ma'aikata take yi, ni ma an sallame ni. Motocin itace kuwa kullum suna shigowa daga wajen Kakau, kuma ban ji wanda ya dasa ko ɗaya ba.

Bencunan sun ci gaba da yawo bayan rasuwarsa, har aka yi tashin hankalin bara tsakanin Musulmi da Kirista. Baba Yohanna ya kwashe iyalinsa zuwa wajen Barnawa, inda Kirista suka fi yawa. Bencuna biyu suna gidansa a lokacin, sai suka bi kayansa cikin mota. Sauran, duk wanda suke hannunsa ya riƙe, aro ya tsaya. Wani ya karya nasa ya buga masa ƙusa, katakon ya tsage. Da kananzir ya yi wuya, na ga ƙafar ɗaya a murhun mai ƙosai. Da ramin turken na gane ta. Na wuce abina, ita ma 'ya'ya take ciyarwa.

Kwanan baya na ji Baba Yohanna ya rasu, kuma har an yi wata guda babu wanda ya sanar da mu. Na je gaisuwa. Mama Rifkatu ta zaunar da ni a baranda, a kan bencin Yaya. Bencin ko motsi bai yi ba.

Ta ce, "Na unguwa ne, Malam Isa, ba nawa ba. Yarana sun ƙi kai su. Ka samo wanda zai zo ya ɗauka."

Na dawo na yi wa masu tura kura magana, kowa ya ce shi ba ya shiga can. Na je wurin Alhaji Garba, ya ce, "In an kawo su, wa zai zauna da wa?"

Abin da ya rage na Yaya ke nan: bencuna biyu lafiya lau, waɗanda za su daɗe fiye da ni da Mama Rifkatu. Ya yi aikin da ba ya lalacewa, Allah Ya jiƙansa. Unguwar da ya yi wa aikin ce ta riga katakon rugujewa.