Koren Layin Baba Dalma

Baba Dalma mutum ne da ko abinci a tsaye yake ci, kamar wanda mota ke jira. Shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne: ba a taɓa kawo masa kaya ya gagare shi ba. Mai son ganin ɓacin ransa ya ce masa a kai wani wurin.

Ranar Litinin malamin makarantar koyon sana'a ya sauke masa osiloskof, tsohuwar na'urar nan mai nauyin tsiya da ke zana motsin wutar lantarki da koren layi a kan ɗan gilashi. Ita kaɗai ta rage musu, ga ɗalibai za su yi jarrabawa da ita ranar Alhamis, gilashin kuwa baƙi ƙirin.

Kafin azahar ya gano kwandansar da ta kumbura, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta. Ya maƙale hannun hagu a bayansa, don wutar cikin irin wannan na'ura ba ta san tsoho ba, ya sauke wutar da ta rage a ciki, ya sa sabuwa. Layi ya fito, amma fa kauri gare shi, dishi-dishi, kamar an goge alli da yatsa. Ya murɗa maɓallin da ke sirantar da shi dama da hagu, a banza.

Nan hankalinsa ya tashi. Talata ya bi rasistocin ɓangaren babbar wuta, ƙananan abubuwan nan masu rage ƙarfinta, ɗaya bayan ɗaya da mitar awo, har da lafiyayyu ya canja. Laraba ya sake liƙe kowace mahaɗa da dalma, ya ƙone yatsa, ya kori masu rediyo biyu. Sai ya fita bakin titi ya dawo, ya kunna, ya kashe, ya zagi wanda ya ƙera ta.

Tela maƙwabcinsa, abokin tsokanarsa tun fil azal, ya leƙo da tsumma a kafaɗa.

"Tsoho, yau kuma da wa ake dambe?"

"Da wannan banzar. Dubi layin nan, kwana uku ya ƙi sirancewa."

Tela ya sunkuya ya duba. "Wane layin? Wannan? Ai ko zaren ɗinkina bai kai shi siranta ba."

"Ban son wasa yau."

"Wallahi ba wasa nake ba. Tun Litinin da na wuce haka na gan shi."

Baba Dalma ya matsa kusa da gilashin. Ya rufe idon dama, layin ya ɗan gyaru. Ya rufe na hagu, sai koren hazo kawai. Ya dubi lambobin jikin maɓallan, ya gane ya daɗe ba karanta su yake yi ba, hannunsa ne ya haddace su. Tsoro ya kama shi, irin wanda wutar lantarki ba ta taɓa ba shi ba.

Tela ya sauke tsumman daga kafaɗarsa, ya matso kusa da shi.

Baba Dalma ya daɗe yana laluben kan tebur. Can ya ɗauko wata 'yar rasista, irin mai zobban launi da ake gane ƙarfinta da su, ya miƙa wa tela ba tare da ya dube shi ba.

"Don Allah duba min," in ji shi a hankali. "Zoben nan na uku, ja ne ko ruwan ƙasa?"