Ranar da Mastura Ta Zube

A unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, aka yanke wa Mastura cibi, a can ta yi aure, a can ta aurar da 'ya'yanta. Duk bikin da aka yi a unguwar, in dai an buga ganga a ɓangaren mata, to ita ce a tsakiyar fili. Da aka rushe Karantina maƙwabta suka watse, ita kuma ta koma unguwar Kurayyat wajen ɗanta. Kiɗa ya yi mata nisa, gwiwa ta fara ƙorafi.

Likita ce ta ce ta riƙa motsa jiki. Da haka ta faɗa ajin Lujain, wadda ke koya wa mata rawar zamani a wani zaure a unguwar Sa'alaba. Rawa ce dai, amma babu ganga babu guɗa: a miƙa hannu, a juya, a zube ƙasa da gangan a yi lamo, sannan a tashi a hankali. Mastura, da furfurarta da jikokinta, ta kamu da son abin har ta fi 'yan matan naci.

Abu ɗaya ke cin ranta, tsofaffin ƙawayenta na Karantina. Ta san bakinsu, musamman Ikilima da ba ta raga wa kowa. In suka gan ta tana birgima a ƙasa, ai ta zama abin dariya a kowane gidan suna. Sai ta ɓoye musu. Amma ranar da ajin zai nuna rawarsa ga mata, matar ɗanta ta fesa musu labari a waya. Mastura na leƙowa ta bayan labule ta gan su jere a sahun gaba, wasu rabonta da su tun rushe unguwa.

Ta daure ta fito. Ta miƙa hannu, ta juya, da aka zo wurin zubewa ta zube ta yi lamo.

"Innalillahi! Mastura ta faɗi!" Ikilima ta ƙwalla ihu.

Kafin ka ce me, tsofaffi sun hau dandamali, masu ciwon gwiwa ma har da gudu. Wata na yi mata fifita da mayafi, wata na sheƙa mata zamzam a fuska.

"La, la, ya khala! A'a, inna, cikin rawar ne!" in ji Lujain, tana haɗa Larabci da Hausa.

Mastura ta buɗe ido ta ce a hankali, "Ikilima, wallahi lafiyata lau. Haka ake yi."

Ikilima ta ce, "Halas, ya isa haka, rawa ko ba rawa ba, ba za ki kwanta a ƙasa muna zaune muna kallo ba. Yalla, maza tashi!"

Suka ciccibe ta, wata ta rangaɗa guɗa, zauren ya kaure da tafi. Rawar Lujain kam ta wargaje. Mastura ta ƙarasa tata a tsakiyarsu jiƙe sharkaf, tana kuka tana dariya, tana gode wa Allah da ya bar mata masu ɗaga ta.