Maganar da Ɗana Ya Ƙi Fassarawa

Shekarun baya, ɗana na biyu da ke karatun digirin digirgir a Kuala Lumpur ya matsa sai na je an duba mini gwiwa. Na tafi da niyyar wata ɗaya, na yi uku. Gidansa a Wangsa Maju yake, hawa na sha huɗu, ni da ban taɓa kwana a bene ba. Kullum bayan la'asar mukan sauka mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan ginin, in sha shayinsu mai kumfa, in kalli jirgin ƙasa yana wucewa ta saman kanmu.

Sai na faɗa muku ko ni waye a lokacin. Ɗan jam'iyya ne ni na gado. Mahaifinmu ya sha ɗauri a kan siyasar talakawa, kuma duk sunan da tafiyar ta sauya, gidanmu na bin ta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi shugabancin mazaɓa har sau uku, ina ji da kaina kamar ni na kafa jam'iyyar.

Ƙanena mai walda ne. Wata ranar sallah, gida cike, ya ce shi ya gaji, ya koma wata jam'iyyar. "Yaya, kullum rabon keken ɗinki da injin markaɗe, a ɗauki hoto a watse. Ku ba mu wuta mana, mu sayi namu da guminmu. Kuri'ar gidan nan ta zama ta banza, don sun san ko ba su zo ba za mu ba su." Na ce masa butulu, na ce ya ci amanar mahaifinmu. Da auren babbar 'yarsa ya zo, ya aiko a gaya mini ni ne waliyyi, kamar yadda aka saba, babban wa shi ke ba da aure. Na ce ya nemi waliyyi a sabuwar jam'iyyarsa. Aka ɗaura ba ni. Shekara shida muka yi ko a jana'iza muka haɗu sai dai kowa ya kau da kai.

To, a mamak ɗin nan akwai wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka, Musulmi, yana koyar da Turanci a wata makaranta. Sahu ɗaya muke sallah. Ni ba Turanci, shi ba Hausa, ɗana ne tafinta. Muka saba har yana tsokanata da cewa sukarin da nake sa wa shayi ya isa kashe raƙumi.

Wata rana talabijin ɗin shagon na nuna zaɓen ƙasarsu, sai na ce wa ɗana, "Tambaye shi, ai na ji ku baƙaƙe jam'iyyarku ɗaya, mai taimakon talaka."

Dattijon ya yi dariya. Ya ce haka ne, tun kakarsa gidansu ita suke zaɓa, shi ma ya zaɓe ta shekara da shekaru, amma ya bar ta. Ya ce unguwar da ya tashi jam'iyyar ke mulki tun yana yaro, makarantarsu kuwa yadda ya bar ta haka jikokin tsaransa suka same ta, kuma an hana talaka kai ɗansa wata da ta fi ta. Ya ce tallafin da ake bayarwa, a ganinsa, ya sa gidan da babu uba ya fi samu, har maza suka riƙa zamewa. Mahaifinsa wanzami ne, takardu da dokoki suka ishe shi har ya rufe shago. "Ban ce ɗayar jam'iyyar waliyyai ba ne," in ji shi ta bakin ɗana. "Na ce dai matar da ta san ba za ka taɓa barin ta ba, da wadda ta san ba za ka taɓa neman ta ba, duk babu mai yi maka kwalliya."

Na yi dariya, amma raina ya fara sosuwa, don maganar ta yi mini kama da wata da na taɓa ji.

Sai ya ciro waya ya nuna mana hoton wata amarya. 'Yar yayarsa ce, shi ya riƙa kai ta makaranta tana ƙarama. Yayar ta ce tunda ya sayar da jinsinsa kada ya taka wurin bikin. A waya ya kalli auren, wani ɗan uwa ne ya ɗauko masa a ɓoye.

Ni kuwa da bakina, bakin da bai san ya yi shiru ba, na ce wa ɗana, "Gaya masa yayarsa ta yi daidai. Wanda ya bar gida shi ya jawo wa kansa."

Ɗana ya yi ta juya cokali a kofi.

"Fassara mana."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan fassara wannan ba."

Yaron da bai taɓa yi mini musu ba. Na ce, "Me ka ce?"

"Baba, dubi fuskarsa. Haka fuskar Baba Ƙarami take ranar ɗaurin auren nan. Ina wurin, kai ne ba ka nan. Sai da liman ya tambaya sau biyu ina waliyyi."

Na dubi dattijon. Yana murmushi yana jiran a gaya masa abin da na ce, babban yatsansa na kan hoton yana shafawa. Mutumin da na yi wata biyu ina shan shayi da shi, ban taɓa ganin butulci a tare da shi ba, ra'ayi kawai gare shi. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Da ƙyar na ce, "Ce masa Allah ya daidaita su." Wannan kam ɗana ya fassara da sauri.

Washegari bayan azahar, lokacin gari ya waye a Kano, na karɓi wayar ɗana na kira ƙanena. Da ya ji muryata sai ya yi salati, ya ce, "Yaya, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ni ne na yi maka laifi, kai da 'yarka. Ku yafe mini."

Ya ce, "Yaya, ka san fa ban dawo jam'iyyarku ba."

"Wa ya ce ka dawo? Zauna can, ku ma ba ku kawo wutar ba."

Ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya shi. Matar ɗana ta leƙo ta ɗauka gwiwar ce ta motsa.

Har yau ban bar jam'iyyata ba, kuma ban yarda da duk abin da dattijon nan ya faɗa ba, don na ga gidajen da tallafi ya rufa wa asiri. Amma yanzu idan 'yan takara suka zo gaisuwa nakan tambaye su me suka yi kafin in ce komai, kuma na daina auna ɗan uwa da kuri'arsa. Ni da ƙanena kullum muna musu a zaure, yara na dariya.

Babbar 'yarsa ta yafe mini, sai dai wancan zaman ba ya dawowa, na sani. Da auren ƙanwarta ya zo, tun kafin a gama shimfiɗa tabarmi na isa, da sandata. Liman bai ƙarasa tambayar ina waliyyi ba na ce ga ni.