Barau Baduku da Takalmi Mai-Wuya

Barau mutumin Balan ne, amma yawancin waɗanda suka san shi a kasuwar Gaya suka san shi. A can yake da rumfa, a layin dukawa, dab da inda ake ɗaure jakuna. Dukanci gado ne a gidansu. Ubansa kube da linzami da gafaka yake ɗinkawa, shi kuwa hannunsa ya fi faɗawa a takalma. Ranar kasuwa ya ɗora kayansa a jaki ya tafi Gaya, sauran ranaku yana ɗinki a zauren gidansa, da damina kuma yana gona kamar kowa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba. In ka tsaya a gabansa ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka, har baƙi kan ɗauka kunya ce.

Har ya kai shekara arba'in bai taɓa ɗinka takalmi sau-ciki ba. Fade yake yi, mutum ya zura ya yi gaba. Abin ya canza ne a shekarar 1963, lokacin da ake ta yi wa shanu allurar bushiya. Wata ranar kasuwa wani dogon mutum ya shigo rumfar yana ɗingishi, ƙafa ba takalmi, takalman kuwa yana rataye da su a wuya. Sunansa Malam Datti, malamin dabbobi ne da aka turo daga birni. Aikinsa bin rugage, daga Gaya har Ajingi da Toranke. Yana da keke, amma rairayin hanya kan sa shi ya sauka ya tura, cikin ƙaya da ƙarangiya.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Datti. "An ce kai ne mai gyaran takalma."

"Haka suke cewa. Bismilla, zauna."

Takalman irin na kanti ne, sau-ciki masu rufe idon sawu, da igiyar ɗaurewa. Wata biyu ke nan da ya saye su a Kano. Ƙasan na dama ya buɗe baki, kwalin da aka shimfiɗa a ciki ya jiƙe ya dagargaje. Barau ya juya su, sannan ya dubi ƙafar mai su. Dunduniya ta yi bororo ta fashe, ƙaramin yatsa ya kumbura.

"Gyara dai zan iya," in ji Barau. "Amma ko na gyara ba zai daina cin ƙafarka ba. Ƙafarka mai faɗi ce, shi kuwa tsukakke ne."

"Ai lamba tara ne, ni kuma tara nake sawa."

"Ni ban san lamba ba, Malam. Ƙafa na sani."

Datti ya yi dariya. Barau kuwa bai yi ba, hankalinsa yana kan ɗinkin takalmin. Can sai ya ce, in Malam zai yarda ya bar masa su ya farke, ya ga yadda aka haɗa su, zai gwada yi masa wasu daidai ƙafarsa. Datti ya ce ya farke mana, da ma jefar da su yake shirin yi.

A gida ya bi ɗinkin da aska a hankali, ya jera fatun a kan tabarma, ɗai-ɗai har goma sha ɗaya a kowace ƙafa. Matarsa Hure ta leƙo zauren ta gan shi durƙushe a kansu.

"Malam, gyara aka kawo maka ko ɓarna?"

"Karatu nake yi," in ji shi.

Na farkon da ya ɗinka da jar fatar akuya ya yi su. Sun yi kyau ainun, ga laushi, har maƙwabtansa na rumfa suna zuwa kallo. Sati uku suka yi a ƙafar Datti. Ƙaya ta huda su ta ko'ina, da ya ratsa fadama suka jiƙe kuwa, sai suka saki kamar tsumma. Ranar da aka dawo masa da su Barau bai ci tuwon kirki ba. Ba asarar fatar ce ta dame shi ba, a'a, ganin an ajiye aikin hannunsa a gaban mutane a lalace. Na biyun ya yi su da kirgi, fatar sa mai kauri. Waɗannan ƙaya ba ta shiga, amma sun yi tauri, suka goge wa Datti idon sawu har jini.

"Malam Barau, ko dai mu haƙura?" in ji Datti. "Kada in zame maka wahala."

"Yaushe za ka Toranke?"

"Jibi."

"To, da ni za a."

Haka kuwa aka yi. Barau ya bar ɗinkinsa ya bi Datti a baya tun hantsi, idonsa a kan ƙafafunsa. Fulanin da suka tarar a ruga sun ɗauka sabon ma'aikaci ne, har suka miƙa masa igiya ya kama maraƙi, shi kuma ya kama. A wannan tafiya ya ga abin da zaman rumfa ba zai nuna masa ba. Ya ga Datti da gefen ƙafa yake takawa. Ya ga rairayi ta gaban takalmin yake shiga, ta gefen harshen da ke ƙarƙashin igiya. Da la'asar kuma, da suka zauna gindin wata tsamiya, ya ga ƙafar da ya auna da safe ta ƙara girma, ta cika takalmin taf.

Daga nan ya san abin yi. Ya tsayar da Datti a kan takardar buhun siminti, da yamma, bayan ya sha tafiya, ya zana kowace ƙafa da gawayi. Ya kai zanen wurin masassaƙi aka sassaƙa masa ƙafafun icce, ya riƙa jan fata a kansu tana jiƙe. Waje kirgi, ciki kuwa, musamman wajen idon sawu da dunduniya, ya shimfiɗa fatar akuya. Harshen ya ɗinke shi da gefe biyu don rairayi ya rasa hanya. Ƙasan tsohuwar tayar mota ya yanka, kuma da basilla ya ɗinka ta, bai buga ƙusa ba, don ya sha ganin ƙusa ta ɓullo ta soki mai takalmi. Hure ce ta murza masa zare riɓi huɗu ta shafe shi da kakin zuma. Ita ce kuma ta ce ya riƙa murza kirgin da man kaɗe kwana uku kafin ya yanka, yadda take yi wa faifan da ya bushe da ruwa.

Waɗannan na ukun shekara huɗu suka yi a ƙafar Datti. Sau biyu kawai aka sake musu taya.

Labari ya bazu. Malaman gona suka zo, da masu awon gyaɗa, da mafarauta, da masu noman fadama da ke tsoron maciji. Mutane suka sa wa takalmin suna mai-wuya. Barau ba ya sauri, ƙafa biyu a sati, kuma ba ya auna kowa da safe komai gaggawarsa. Ba ya kuma ɓoye aibin kayansa. Yakan ce wa mai saye, "Yana da zafi, yana da nauyi. In aikinka zama a inuwa ne, sayi fade." Da aka yi ta ƙorafin cewa kwance igiya sau biyar a rana don alwala wahala ce, sai ya rage ramukan igiyar daga shida zuwa uku, ya ƙara wata 'yar fata a baya ta ja da yatsa.

Shekarar farin 1973 shanu suka yi ta mutuwa, fata ta cika kasuwa, arha kamar a ba ka kyauta. Wasu dukawa suka yi ta saye. Barau ya taɓa, ya ja, ya ajiye. Fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta da ƙwari, in ji shi, wata shida za ta tsage. Shekarar nan sabbi kaɗan ya ɗinka. Gyara ya yi ta yi wa masu tafiya cin rani, shi ma gidansa ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a sha kunu.

Bayan farin da shekara biyu Tukur ya zo. Saurayi ne daga Toranke, tsohon soja, wanda ya dawo daga yaƙin basasa da rauni a ƙafar hagu. Yatsu biyu babu, tafin ƙafar kuma ya ɗan karkace. Shekara biyar yana naɗe ta da tsumma, ba ya zuwa biki, ba ya zuwa kasuwa, gona ma sai kusa da gida. Sai da kasuwa ta fara watsewa ya iso rumfar, yana dogara sanda, ya tsaya yana ta kallon fade kamar shi ya zo saye.

"Samari, zauna ka kwance mu gani," in ji Barau.

"Baba, ba ta da kyan gani."

"Ba aurenta zan yi ba. Kwance."

Tukur ya kwance tsumman yana kallon gefe. Barau ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya bi ta da yatsa yana dannawa.

"Nan da zafi?"

"A'a."

"Nan fa?"

Tukur ya cije leɓe.

"To, nan ne ba za a bari ya taɓa ƙasa ba."

Aikin ya ci wata biyu. Na dama bai ba da wahala ba. Na hagu kuwa sau huɗu ana farke shi. Barau ya cika gurbin yatsun da auduga a cikin fatar akuya, ya ƙara kaurin taya ta gefen da ƙafar ta karkata, ya ƙwaƙule wajen ciwon don ya zauna a sake. A gwaji na uku Tukur ya taka sau biyar ya zauna, gumi yana zubo masa.

"Baba, ka bar shi kawai. Haka Allah ya so."

"Ciwon dai Allah ne ya so. Wannan kuwa ni ne ban yanka daidai ba. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

A gwaji na huɗu Tukur ya tashi, ya taka zuwa wajen jakuna, ya dawo. Ya sake tafiya, wannan karon har layin masu hatsi. Ɗingishin bai tafi ba, kuma bai taɓa tafiya ba har abada, amma fuskarsa ba ta yamutse ba. Ya dawo ya tsaya bakin rumfa yana son ya yi magana, maganar ta ƙi fitowa. Barau ya ce masa ya riƙa shafa man kaɗe duk Juma'a, kada kuma ya shanya shi kusa da wuta. Daminar da ta biyo baya Tukur ya noma gonar ubansa ta bayan gari, wadda ya daɗe bai taka ba.

Wajen 1978 idon Barau ya fara yin hazo. Zare ya daina shiga masa basilla, ɗinki ya fara karkacewa. 'Yarsa Talatu, wadda ke aure a Ajingi, ta sa mijinta ya kai shi Kano aka ba shi tabarau. Ya sa na wata guda, ya ce yana ganin mutane sarai, amma ramin ɗinki ba ya gani. Bai yi gardama da abin ba. Ya ƙarasa ayyuka ukun da ke hannunsa a hankali, ya bar wa wani mai sayar da bokitai rumfar, ya koma Balan. Ya sayi tumaki biyu da rago, ya kafa musu turke a bayan ɗakin Hure. Kullum da hantsi yakan ɗauki lauje ya tafi yankan ciyawa.