Kibiyoyin da Na Bari a Kan Gada

Aikina a maɗaba'ar nan ta Bahri, a Khartum, awo ne. Mai kaya zai kawo zanen ledarsa, ta shayi ko ta gari ko ta sabulu, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in daidaita zanen da jikin ledar: faɗi kaza, tsawo kaza, nan za a naɗe, nan zafi zai liƙe baki, nan wuƙa za ta yanka. Kowane awo ina ja masa jan layi mai kibiya a kai biyu, in rubuta lambar santimita a tsakiya. Duk wannan tarkacen yana zaune a shimfiɗarsa daban, a saman zanen, kamar ka ɗora farin gyale mai shara-shara a kan hoto. In mai kaya ya gani ya yarda, sai in kashe shimfiɗar awon kafin a fitar da fim ɗin da za a yi farantin bugawa da shi. Dannawa ɗaya ce tak. Wallahi ko akuya aka koya wa za ta iya.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya sama mini aikin. Shi ne usta, babban mai injin, ya fi shekara talatin yana shaƙar tawada. Dokar gidan ita ce, ba fim ɗin da zai wuce sai usta ya ɗaga shi a hasken taga ya duba, ya sa hannu a bayan ambulan. Wanda ya sa hannu, shi ke da kaya, mai kyau ko mummuna.

Abin da ba wanda ya sani sai ni, yanar ido ta soma rufe idon Kawu. Da mai maɗaba'a ya ji, da tuni ya sallame shi, alhali yana da baki bakwai a gida a unguwar Aljirif. Sai muka yi dabara. Zai ɗaga fim yana yamutsa fuska kamar mai gani, ni ina tsaye a kafaɗarsa ina dubawa, ya ce da Hausa, “Malam na kwamfuta, lafiya lau?” In ce, “Lafiya lau, Kawu.” Sauran ma'aikata ba sa jin Hausa, sun ɗauka gaisuwar Fallata ce, yadda suke kiran mutanenmu, da ba ta ƙarewa, har dariya suke mana. Awo kuwa bai taɓa buƙatar ido ba. Ɗani yake yi da hannun dama, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ya faɗa maka faɗin leda, ka kawo ma'auni ka tarar haka ne.

Sai wani ɗan kasuwar shayi daga Umdurman ya kawo aiki. Mutum ne mai son ado, ya sa an zana masa kogi da gada da jar rana tana faɗuwa a bayanta. Na yi awo, ya yarda, na kashe shimfiɗar. Kafin in adana, ɗif, aka ɗauke wuta. Janareto ba mai. Muka zauna muna shan zufa tun hantsi har la'asar, mutumin nan yana kaɗa mini makullin mota a kunne yana cewa gobe kayansa za su tafi. Kai, na tsani mutumin nan! Da wuta ta dawo na buɗe aikin na tura, ban lura cewa tsohon da na adana da safe ne ya buɗe ba, da kibiyoyinsa da komai.

Fim ya fito. Kawu ya ɗaga a taga. Ni kuwa na riga na kai bakin ƙofa, ina kiran mai shayi ta haɗa mini kofi, don kaina kamar zai tsage.

“Malam na kwamfuta, lafiya lau?”

“Lafiya lau, Kawu.”

Ya sa hannu.

Masu injin sun ce sun ga layukan, sun ɗauka wani sabon adon ne. Ɗan kasuwar bai ko kalla ba, ya cika leda ya watsa a kantuna. To, wanda bai zauna Khartum a shekarun nan ba, ba zai gane ba. Lokacin soja na zaune a kowane bakin gada, ko kyamara ka ɗaga wajen kogi ka shiga uku. Ga leda ta fito da kibiya daga wannan bakin gada zuwa wancan, da lamba sha takwas a tsakiya, ga ɗan da'ira mai gicciye, alamar tsakiyar leda, ya faɗa daidai ƙafar gadar, sai ka ce zanen mai shirin tarwatsa ta.

Bayan kwana goma, da hantsi, boksi, wato a-kori-kura, marar lamba ya tsaya a ƙofa. Jami'an tsaro uku, ba kaki, ba sallama. Ɗaya ya jefa ledar a kan tebur ya ce wa ya yi wannan. Mai maɗaba'a ya zaro ambulan ya nuna sa hannun. Suka ce sun ji, amma wa ya zana?

Ni ina tsaye bayan kwamfuta. Ban yi hidimar soja ba, ba ni da takardar, shekara biyu ina bin lungu ina kauce wa masu kame. Wanda aka kama, sansani ne, daga can sai bakin daga a kudu, kuma mun ga yadda ake dawowa. Matata tana da cikin fari.

Kawu ya goge hannu da tsumma ya ce musu da Larabci shi ya ja layukan da hannu, awon leda ne, tsohuwar al'adarsa ce, kwamfuta rubutu kawai take yi. Da za su wuce da shi ya ce mini da Hausa, bai ko juyo ba, “Kul ka buɗe baki.” Na daɗe ina fakewa da wannan maganar. Ƙarya nake. Ko bai faɗa ba, bakina ba zai buɗu ba, tsoro ne kawai, ba biyayya ba.

Washegari na buga takarda biyu, ɗaya da awo ɗaya babu, don in je in nuna musu yadda abin ya faru. Na ninke na sa a aljihu. Kullum in na sauka mota a Alhilla Kuku sai in ce yau zan nemi inda suke, kullum sai in wuce wurin aiki. Takardar ta jiƙe da zufa har ta yage a ninki. Da yamma matar Kawu takan tare ni a ƙofa ta ce, “Ɗan nan, ba labari?” In ce, “Inna, sai addu'a.” Tir da ni.

Sai da ya kusa wata biyu sannan suka sauke shi a tashar Kuku, wani mai dukan bulo ɗan unguwarmu ya gane shi ya riƙo shi zuwa gida. Idon ya ƙarasa tafiya. Yatsu biyu na hannun dama sun ƙage, ba sa miƙewa. Bai taɓa faɗin abin da aka yi masa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mai maɗaba'a ya aiko da buhun sukari, ya ɗauki wani usta. Ni na ci gaba da aikina, ina karɓar albashina.

Ledojin da hukuma ta kwashe daga kantuna kuwa, ban san ta ina suka bi ba, sai ga su a kasuwa ana zuba gyaɗa da wake a ciki, gada da kibiyoyi da komai, ba wanda ya ce uffan. Wata Juma'a na je gaishe shi, yana zaune a rumfa, hayaƙin murhun bulo na shigowa daga bakin kogi. Inna ta dawo daga cefane ta ajiye ledar wake a gefensa. Ya kai hannu ya murza ledar, ya gane ta. Ya juye waken a kwano, ya shimfiɗa ta a cinya, ya gwada ɗani da dama, yatsun suka ƙi. Sai ya koma hagu.

“Sha takwas,” ya ce. “Ba ƙari ba ragi. Ai ka iya awo, Malam na kwamfuta.”

Na ce, “Kawu, ranar nan ban duba fim ɗin ba.”

“Na sani. Daga bakin ƙofa muryarka ta zo, ba daga kafaɗata ba.”

“To don me ka sa hannu?”

“Ka ce mini lafiya lau.”

Ya ninke ledar gida huɗu, ya miƙa wa Inna ya ce ta adana, za ta yi amfani.